Gwiwar Kawu

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 5:20 na yamma

Sati uku. Haka Likita ya ce yana wanke hannu, ko juyowa bai yi ba. Idan nan da sati uku gyambon da ke dungun ƙafar Kawu bai fara haɗewa ba, za su hau sama da gwiwa. Shi ya faɗi kalmar da sunanta. Ni ba zan rubuta ta a littafin nan ba.

Kawu kuwa dariya ya yi. Ya ce, "Likita, sai ragewa kuke yi kaɗan-kaɗan kamar wandon da ya yi wa mutum tsawo. Ku dai bar min inda zan zauna." Inna, matarsa, ta ce, "Malam, don Allah ka bari." Idona na kan ƙafar robar da ke jingine da bango, wadda ni na haɗa ta da hannuna.

Wannan ne karo na uku da wurin ya buɗe, kuma wuri ɗaya ne kullum: ƙasa da gwiwa kaɗan, ta baya. Faɗinsa santimita huɗu yau. Shekara tara ina haɗa wa mutane ƙafar roba, na san abin da gwiwa take nufi. Mai gwiwa zai tashi da kansa, ya hau bene, ya shiga mota. Dattijo ɗan shekara sittin da bakwai mai ciwon suga, in aka raba shi da gwiwarsa, yawanci shi da kujera ke nan har abin da hali ya yi. Na ga irinsu da yawa. Nakan gaishe su a baranda ina wucewa da sauri.

Mutumin da ya riƙe ni tun ina 'yar shekara shida fa ake magana.

Talata, 4 ga wata, 1:10 na rana

Na kawo ƙafar wurin aiki na kwance ta gaba ɗaya. Kwanson nake zargi, wato kofin da dungu ke shiga ciki. Sabon tsari ne, nawa na kaina, wanda na yi wata takwas ina fama da shi. A kansa aka tafa min a ɗakin taro har Oga ya ce a ɗauke ni hoto ina riƙe da shi. Mutum goma sha ɗaya ke yawo da irinsa, babu wanda ya dawo da ko ƙujewa. Sai Kawuna.

Na auna, na sake aunawa. Na shafa janbaki a cikin kwanson na zura shi a kan samfurin filasta don in ga inda yake guga. Babu komai. Dogo, abokin aikina da muke teburi ɗaya, ya ce, "Wai sau nawa za ki auna abu ɗaya? Lambar ba za ta canza don kin harare ta ba." Na ce ya ji da abin da ke gabansa. Ya ce abin da ke gabansa kofin shayinsa ne, kuma na zuba masa garin filasta a ciki.

Saura kwana ashirin.

Laraba, 5 ga wata, 7:30 na safe

Inna ta kira, gabana ya faɗi kafin in ɗauka. Tambaya take ko na ga murfin kularta.

Alhamis, 6 ga wata, 6:05 na yamma

Na biya ta shagon ɗinkin Kawu bayan an tashi aiki. Tun daga bakin layi na jiyo ƙarar keken ɗinki, raina ya ɓaci. Likita ya ce hutu, ya ce kada a sa ƙafar robar, kada a taka. Ina shiga Kawu ya tsayar da keken ya gyara zama, ya miƙe baya kamar ɗalibi ranar da sufeto ya zo.

Na ce, "Kawu, wannan shi ne hutun?"

Ya ce, "Injiniya, a zaune nake. Ƙafar dama ce ke aiki, ita kuwa ba a sallame ta ba. Waccan tana nan tana hutawa a cikin wando, ko sannu ba ta ce min."

Injiniya yake ce min tun ranar da na kwance masa rediyo ina 'yar firamare na kasa mayarwa. Na yi masa faɗa, faɗa sosai, har maƙwabcinsa mai wanki ya leƙo. Da na gama ya ce a hankali, "In na daina ɗinki, ƙafar da babu ita ce take min zafi. Yatsun suna ci da wuta. In keken yana tafiya sai su yi shiru. To ki zaɓa min."

Ban zaɓa ba. Wayata ta yi ƙara, na fita amsawa, daga nan na wuce. Minti goma na yi, a tsaye.

Asabar, 8 ga wata, 3:45 na yamma

Zane goma sha huɗu na yi tun jiya. Kwanso mai taga, kwanso mai laushin baki, kwanso mai iska a ciki. Kowanne sai in kai rabi in ga na gaba ya fi shi. Na buɗe shafuka sun fi talatin a kwamfuta, ban karanta ko ɗaya zuwa ƙarshe ba. Na ɗora ruwan zafi ya ƙone ƙurmus, sai ƙauri na ji.

Zuciyata tana bugawa a wuyana. Ina ta ganin wata kujera mai taya a tsakar gidansu, kusa da famfo, inda babu ita.

Ba zan yi tunanin bara ba, lokacin da aka cire masa ƙafar. Na ce ba zan yi ba.

Saura kwana goma sha shida.

Litinin, 10 ga wata, 2:30 na rana

Santimita huɗu da ɗigo uku.

Sati guda cur bai sa ƙafar ba, tana kan teburina a kwance, amma gyambon ya ƙaru. Abu na farko da ya zo min a rai shi ne: ashe ba kwansona ba ne. Na ji wani sanyi. Sai kuma kunya ta rufe ni, don Kawu yana kwance a gabana ana matse masa wurin, ni kuma ina murnar an wanke ni. Bayan kunyar sai tsoro, wanda ya fi na da. In kwanson ne, na san yadda zan gyara. In ba shi ba ne, ban san komai ba.

Ɗakin ya fara juya min. Sista mai wankin ciwo, wata babbar mace da ba ta ɗaga murya, ta kama hannuna ta zaunar da ni a benci a waje.

Ta ce, "Ƙanwata, kina ina?"

Na ce, "Ga ni nan."

Ta ce, "A'a, jikinki ne a nan. Ke kina can ranar ashirin da huɗu. Dawo. Sa tafin ƙafarki a ƙasa. Kin ji ƙasan? To ja numfashi, ki sake shi a hankali. Yanzu faɗa min abu biyar da kike gani."

Na so in ce mata ni ba yarinya ba ce, amma na bi maganarta. Na ce bokiti. Na ce takalminta, ɗaya igiyarsa ta kwance. Tsagewa a bango. Wata mata tana ɓare lemo. Ƙuda a kan taga. Kafin in kai na biyar bugun wuyana ya sauka.

Ta ce, "Ni haka nake yi kafin in buɗe kowane bandeji. In ba haka ba, ciwon jiya zan gani, ba na gabana ba." Ta sunkuya ta ɗaure igiyar takalminta ta koma ciki.

Talata, 11 ga wata, 11:50 na safe

Wani direba ya zo gwajin ƙafarsa, na ɗauko masa ta hagu alhali ta dama ya rasa. Mutumin kirki, dariya ya yi ya ce, "Hajiya, waccan tana nan tukuna, kada ki yi mata baki." Ni ban yi dariya ba, ina juyawa samfurin filastarsa ya suɓuce min ya tarwatse a ƙasa.

Oga ya kira ni ofis. Bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ce in tafi gida sati biyu. Na ce a nan kayan aikina suke. Ya ce, "Kayan aikin ba sa gudu. Ke ce kike gudu."

Saura goma sha uku.

Laraba, 12 ga wata, 5:40 na yamma

Ba ni da wurin zuwa, sai na tafi shago tun safe. Inna ta kawo wa Kawu maganinsa, ta gan ni ina latsa waya, ta miƙo hannu. Ta ce, "Kawo ta nan, 'yar nan. Tunda kika zo ba ki kalli fuskarsa ba." Ta jefa ta a jakarta ta tafi da ita gida.

Ashe zama aiki ne. Na zauna a kan buhun ƙyallaye a lungu, na tashi, na share shagon, na jera masa zare launi-launi har ya ce na ɓatar masa da komai. Hannuna sai laluben aljihu yake. Kawu kuma duk ya takura, yana ɗinki yana satar kallona, bayansa a miƙe, dungun a ajiye tsaf kamar na hoton littafi. Ya ce, "Injiniya, ke da gadi aka turo ki? In da laifi a karanta min."

Ban ga komai ba yau. Ban ma san abin da nake nema ba.

Alhamis, 13 ga wata, 6:30 na yamma

Bari in rubuta shi daki-daki.

Na koma kan buhun nan da safe, na ce yau ba zan taɓa komai ba. Duk lokacin da hankalina ya tsere zuwa ranar ashirin da huɗu, sai in yi abin Sista: tafin ƙafa a ƙasa, numfashi, abu biyar. Ya tsere ya fi sau ɗari, na dawo da shi ya fi sau ɗari. Na ga abubuwan da shekara talatin ina shiga shagon nan ban taɓa gani ba. Fedar keken ta lotsa wuri biyu, ba ɗaya ba. Kawu yana lasar leɓe kafin ya juya kwana. Kujerarsa ta katako tana da wani gicciyen katako a gaba, ƙasa da mazauni, fentinsa ya goge a gefen hagu har yana ƙyalli.

Wajen sha biyu ya manta da ni. Na san ya manta don ya fara waƙarsa ta hanci, wadda ba ya yi in da mutum. Kafaɗunsa suka sauka. Ya samu dogon ɗinki (labule ne na wani ofis), ya saki keken ya tafi da gudu.

Sai na ga ƙafar wandonsa ta hagu, wadda babu komai a ƙasanta, tana motsi.

Na ɗauka iskar fanka ce. Na ci gaba da kallo. Ba iska ba ce. Duk takun da ƙafar dama ta yi, dungun yana amsawa: gaba, baya, gaba, baya. Kuma duk komawarsa baya, sai ya daki wannan gicciyen katakon, daidai wurin bandejin. Na ƙirga da agogon bango, sau tamanin a minti ɗaya. Awa shida, awa bakwai, kullum.

Shekara arba'in da ƙafa biyu yake taka keken nan. An cire ɗaya, amma ba wanda ya gaya wa jikinsa. Shi kuma ba ya ji, suga ya kashe masa jijiyoyin wurin. Lokacin da yake sa ƙafar robar, tafinta yana kafe a ƙasa, dungun yana wannan kai-komon a cikin kwanso, bakin kwanson yana cin sa. Da aka cire ta, katako ya karɓi aikin.

Mu a wurin aiki tafiya muke gwadawa. Mu sa mutum tsakanin ƙarafa biyu ya je ya dawo sau biyar, mu duba, mu sa hannu. A takardarsa na rubuta "sana'a: tela, aikin zaune", na ma ja layi a ƙarƙashi don murna, wai ba zai wahalar da ƙafar ba.

Na ce, "Kawu, tsaya." Na nuna masa. Bai yarda ba sai da na sa shi ya ɗora tafin hannu a cinyarsa ya taka keken. Sannan ya ce, "Ikon Allah. Ashe ba ta san an sallame ta ba."

Na shiga bayan labule na yi kukana, ba mai sauti ba.

Saura goma sha ɗaya. Kwana goma na ɓatar.

Juma'a, 14 ga wata, 4:15 na yamma

Na sa an yanke katakon da zarto tun da safe. Ba a yi awa ɗaya ba na ga dungun ya samu bakin mazaunin yana gogawa. Na canza kujera, haka. Na sa matashi, matashin ya naɗe ya zama dunƙule mai tauri.

Na kira Dogo da wayar mai wanki. Ya zo lokacin hutun rana da ƙaramin injin lantarki na keken ɗinki a leda, yana taƙama. Ya ce, "Ke matsalarki kina son abu mai wuya. In babu taku, babu motsi. Shi ke nan." Ya ɗaura shi cikin minti ashirin. Kawu ya danna, allura ta tafi, ƙafar dama tana zaune lafiya.

Dungun ya ci gaba da takunsa. Ƙarar allurar kawai yake bi.

Dogo ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, "To a ɗaure shi mana." Muka ɗaure cinyar da majanyi a jikin kujera. Minti biyar Kawu ya jure, zufa ta keto masa, ya ce yatsun da babu su sun kama da wuta, a kwance shi don girman Allah. Muka kwance. Ya ce wa Dogo ya tafi da injinsa, keken da ba ya jin ƙafar mai shi ba keke ba ne.

Saura goma.

Asabar, 15 ga wata, 1:00 na rana

Na so in ɗauko takarda in fara zane goma sha biyar. Na hana kaina. Na koma kan buhu, na naɗa tawul mai kauri a bakin kujerar don kada a ƙara ɓarna, na ce masa ya ɗinka a hankali, ni kallo kawai zan yi.

Kallon motsin na yi, ba neman yadda zan kashe shi ba. Ba mai faɗi ba ne, bai fi yatsu uku ba. Ba kuma a miƙe yake ba, yana ɗan karkata waje in zai koma baya. Can idona ya sauka kan tef ɗin awonsa da ke rataye a ƙusa a gefen teburin keken. Keken yana girgiza, tef ɗin yana lilo, gaba da baya, bai taɓa komai ba, bai goge da komai ba.

Duk jiya ƙoƙarin tsayar da ƙafar muke yi. Ita kuwa tafiya take so. To a bar ta ta tafi, a rataye.

Litinin, 17 ga wata, 6:50 na yamma

Huɗu da ɗigo uku, bai ƙaru ba bai ragu ba. Na yi wa Likita bayani, ya saurara, ya ce da ma'ana, amma shi gyambo yake dubawa ba bayani ba. Ya buɗe littafinsa ya sa sunan Kawu a jerin tiyatar Alhamis, ashirin da bakwai ga wata, ya ce in ranar Litinin an ga canji sai a soke. Na ga alƙalamin yana tafiya. Inna ta riƙe gefen mayafinta a baki.

Daga asibiti na wuce wurin aiki ta ƙofar baya. Oga ya gan ni ya kau da kai. Ni da Dogo muka gasa roba muka lanƙwasa ta kamar rabin kwarya, muka huda taga babba a daidai gyambon, muka shimfiɗa soso mai laushi. Maɗauri biyu na tsohuwar jakar Dogo, ƙugiya biyu. Za a rataye shi a ƙarƙashin teburin keken, cinya ta kwanta a kai, dungun ya yi lilonsa a iska.

Dogo ya ce, "Wannan ko hoto ba za a ɗauke ki da shi ba." Gaskiyarsa, abin ba kyan gani.

Talata, 18 ga wata, 5:10 na yamma

Na farko bai yi ba. Maɗaurin waje ya yi gajarta, yana jan dungun ciki. Da a da ne da na cire shi na sake sabon tsari. Na zauna na kalla awa ɗaya, na ƙara tsawon yatsa biyu, na sake kallo. Na shafa janbaki a gefen tagar, bayan awa biyu na duba bandejin: fari tas.

Kawu ya ce, "Ni da ko ina yaro ban samu lilo ba, sai yanzu ƙafata ta riga ni." Ya ɗinka labule huɗu. Ya ce yatsun sun yi shiru.

Saura shida. Gyambon da ya yi wata biyu yana ci, me kwana shida za su yi masa?

Laraba, 19 ga wata, 8:00 na safe

Tafin ƙafa a ƙasa. Numfashi. Kofi, taga, tsintsiya, hannuna, hannuna.

Alhamis, 20 ga wata, 4:40 na yamma

Sista ta canza bandeji a asibiti, ba ta bar ni na shiga ba. Da ta fito na tare ta da ido. Ta ce, "Ba ni ke awo ba, ƙanwata." Na bi fuskarta ina neman wani abu, ban samu ba. Matar nan da za ta yi caca da ta cinye gari.

Dogo ya aiko cewa wata mai saƙa da ke zuwa wurinmu, wadda ita ma nata wurin yake yawan ja, ya je gidanta ya zauna awa biyu yana kallonta tana aiki. Ya ce in na dawo akwai magana. Ban iya jin daɗin ba tukuna.

Asabar, 22 ga wata, 3:20 na yamma

Kawu ya kore ni daga shago. Ya ce yana da wani aiki na mutum mai sirri, in je in taya Inna hira. Yau bai yi min tsiya ko ɗaya ba, ko Injiniya bai ce ba, sunana na gaskiya ya kira. Ina tafiya ina jin keken a bayana, gajeren ɗinki, ya tsaya, gajeren ɗinki, ya tsaya.

Ni da Inna muka zauna a tsakar gida. Ta ce, "Kin san bai taɓa kwana a asibiti ba sai bara?" Na ce na sani.

Lahadi, 23 ga wata, 6:00 na yamma

Gobe.

Litinin, 24 ga wata, 7:15 na safe

Likita ya ce a zo da shiri, in abin bai yi ba za a ba shi gado yau. Inna ta haɗa jaka. Kawu ya karɓa ya ƙara wasu kaya da kansa ya zuge. Ina jin tsoro. Ina jin tsoro ƙwarai, kuma ina nan.

Litinin, 5:55 na yamma

Sista ta tsaya, ta ja numfashi, sannan ta fara warware bandejin. Na tsaya a gefen gado ban rufe ido ba. Kafin Likita ya ɗora rula na gani: bakin gyambon ya yi wani siririn zobe, launinsa kamar cikin leɓe, mai ɗan sheƙi. Tsakiyar ta yi ja mai kyau, ba toka-tokan nan ba.

Ya auna, ya juya rular ya sake aunawa. Ya ce, "Uku da ɗigo shida." Ya danna gefen da yatsa, ya sunkuya ya sansana. Ya buɗe littafinsa ya ja layi a kan sunan. Ya ce da sauran tafiya, wata biyu ko uku, kuma kada mu saki jiki, amma gwiwar ta zauna. Ya ce in kawo masa wannan abin rataye ya gani da idonsa.

Na jira Kawu ya yi barkwancinsa. Bai yi ba. Ya ɗora hannu biyu a kan gwiwar ya riƙe ta, har muka fito, har cikin mota, bai saki ba.

A gida Inna ta zuge jakar za ta mayar da kaya sif. Sai na ji ta ce, "Malam, mene ne wannan?" Wanduna uku ne, nasa, waɗanda ya fi so. Kowanne an naɗe ƙafar hagu an ɗinke ta ruf, sama da gwiwa, ɗinki biyu-biyu, lafiyayye, an ma goge.

Ya ce, "Ban so a fito da ni da fil a wando ba. Tela guda."

Sai hawaye suka zubo masa. Shekara talatin da ɗaya ina gidan nan ban taɓa ganin hawayensa ba. Inna ta juya baya tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Ya goge fuska da hannun riga ya ce, "Injiniya, miƙo min reza."

Hawaye sun rufe masa ido, ya kasa kama zaren. Na karɓi ɗaya na zauna a ƙasa kusa da shi, Inna ta ɗauki na uku. Ya ce mu bi a hankali kada mu yanka masa yadi, don bai rage ko inci ɗaya ba, naɗewa kawai ya yi.

Ɗinkin Kawu ba ya farkuwa da sauƙi. Mun gama biyu, saura ɗaya.